Rabin Fuskar Baba

A maɗaba'ar da ke ƙasan benen nan na bayan kasuwa, ba mai kiranta da sunanta. Mai Tsari ake ce mata, don ita ke zama gaban kwamfuta tana tsara shafi kafin ya tafi wurin inji. A gida kuwa Auta ce, kuma da sunan Auta za ta mutu, ko da yake ta haura arba'in, furfura har ta fara leƙo mata ta gaban ɗankwali. 'Yar guntuwar mace ce mai tabarau, mai saurin hawa da saurin sauka. In ka kawo mata aikin da aka cusa rubutu har bakin takarda, kallon da za ta yi maka sai ka ɗauka ka taka mata sallaya da takalmi. Bayan ta gama yi maka faɗa kuma ta gyara aikin, ta tambaye ka ya yara.

Sana'ar gado ta yi. Mahaifinta shi ne mai wuƙa a wannan maɗaba'a tun kafin kwamfuta ta shigo, wato shi ke tsayawa kan injin yankan takarda, ya jera, ya danne, ya saki ƙarfen ya sauka. Tana 'yar makaranta ita ke kai masa abincin rana, ta zauna kan buhun yankakkun takardu tana jiran kwano. A nan ta koyi layuka ukun da daga baya suka zama abincinta.

Baba ya ce mata wuƙa ba ta cika alƙawari. Kome iyawarka, in ka tara takarda da kauri ka danne, sai ta ƙasa ta goce da kaurin gashi. Shi ya sa kowane shafi yake da layi uku. Na tsakiya shi ne inda ake nufin wuƙa ta sauka. A wajensa ana barin rara, milimita uku, inda launi da hoto za su malala su wuce, don in wuƙa ta kauce waje kada farin takarda ya leƙo a baki. A cikinsa kuma akwai shinge wanda rubutu ba ya tsallakawa, don in ta kauce ciki kada ta cinye sunan mutum ko lambar wayarsa.

"Abin da kike so, ja shi ciki," haka yake ce mata. "Abin da za ki iya rasawa, shi za ki miƙa wa wuƙa."

To, matsalar ita ce masu kawo aiki ba su san da wata rara ba, kuma ba ranar da za su sani. Mutum zai ɗauki hoto da waya, hular mai gidan ta taɓo saman hoton, gwiwar hannun amarya ta fice ta gefe, sannan ya zo ya ce a cika masa shafi da shi har baki, kuma yau yake so. Ina za a samo abin da za a ba wuƙa? A nan Mai Tsari ta yi suna. In bango ya ƙare, ta ƙara masa bulo. In sama ta gaza, ta ja ta. In kafaɗar hagu ta fita daga hoto, sai ta kwafo ta dama, ta juya ta, ta ɗinke, ta goge bakin ɗinkin har mai kafaɗar ma ba zai gane ba. Ta ƙarasa wa 'yan takara huluna, ta mayar wa mamata kunnuwa a kalandar tunawa. Maigida, wato mai maɗaba'ar, yakan yi alfahari da ita gaban baƙi, ya ce ka kawo mata rabin mutum ta ba ka cikakke. Ita ma tana ji da kanta a kan wannan, kuma in za a faɗi gaskiya ta cancanta.

Baba ya ajiye aiki da yatsunsa goma cif, abin da ba kowane mai wuƙa ke samu ba. Ciwon da ya kayar da shi a gida ya same shi, yana tsugune yana alwala. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da magani da gashi ƙafar ta dawo, hannun ma ya dawo, amma fuskar ta ƙi. Idon hagu ya rufe rabi, bakin ya karkace ƙasa, magana ta yi nauyi har sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Shi kuwa mutum ne mai son ado, wanda ko hankicinsa sai an goge masa. Tun daga ranar ya sa aka juya madubin ɗakinsa ya kalli bango, in kuma aka ɗaga waya za a ɗauki hoto sai ya zame. Daga baya mantuwa ta biyo. Ya fara da manta inda ya ajiye carbi, ya kai ga manta sunan jikoki, ya kai ga ce wa Auta "'yar nan" cikin ladabi kamar baƙuwa. Abu ɗaya hannunsa bai manta ba: duk abin da ya samu mai baki huɗu, littafin jika ne ko yankan burodi, sai ya tara ya bubbuga a tebur har bakinsu ya daidaita.

Wata safiya Inna, matar Baba, ta zaga baya shanya, mai kawo ruwa ya fita bai ja ƙofa ba. Da ta dawo, kujerar Baba ba kowa. Ya fita da doguwar riga ruwan toka da silifas, ba waya, ba ko hula.

Aka bazama. Yaya, babban wansu, ya bi masallatai da gidajen tsofaffin abokan Baba. Mijin Auta, mai gyaran firji, ya rufe shago ya hau babur yana bin layi-layi. Aka je asibiti, aka je ofishin 'yan sanda, ko'ina tambaya ɗaya ce: ina hotonsa? A nan aka tsaya kallon juna. Hotunan da ke bango na wani ƙaton mutum ne mai baƙin gemu da kumatu, kamannin da Baba ya rabu da su tun kafin ciwo. Wanda ya ɓata kuwa siririn tsoho ne fari fat da furfura. Katin shaidarsa yana aljihun rigar da ya fita da ita. Aka zazzage wayoyin gidan kaf, sai a ta matar Yaya aka samu guda ɗaya. Yara ne jere kan doguwar kujera suna dariya, Baba a can ƙarshe, yana kallon mai ɗauka amma yana zamewa waje. Bakin hoton ya yanke shi daidai bayan hanci. Ɓarin dama na nan garau, na hagu ya riga ya tsere.

Auta ta kai hoton maɗaba'a. Maigida, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gaida Baba da rusunawa, ya sa aka sauke aikin wani daga kan inji, ya ce a buga iya abin da take so. Ta buɗe shafi, ta ja layukanta uku kamar kullum, ta ɗora hoton. Ba rara, ba kunnen hagu, ba kafaɗa, mutum a bakin wuƙa. Sabo turken wawa. Kafin kanta ya yi shawara, hannunta ya riga ya kwafo ɓarin dama, ya juya shi, ya haɗa, yana goge ɗinkin a kan hanci da gemu. Shayin da aka ajiye mata bai gama hucewa ba ta gama.

Sai ga Baba a gabanta, ido biyu a buɗe, baki a miƙe, da furfurarsa da ramarsa. Tsufan na yanzu ne, lafiyar ta da ce, kuma ba a taɓa yin ranar da waɗannan biyun suka haɗu a fuskarsa ba. Auta ta cire tabarau ta yi kuka, kuma kukan ba na baƙin ciki kaɗai ba ne. Daɗi ta ji. Ta yi kewar wannan fuskar fiye da yadda ta sani. Ta tura wa Yaya, ya rantse cewa Baba ne sak. Aka nuna wa Inna, ta rungume wayar a ƙirji ta ƙi saki.

A wajen rubutu, Auta ta sa shekarunsa, da tsayinsa, da launin rigar, da cewa yana da mantuwa. Ta ƙara layi ɗaya game da bakinsa da idonsa. Da aka karanta wa Inna a waya, ta ce a cire.

"Mutumin da ya ɓoye wa madubi, ni ce zan manna larurarsa a bangon kasuwa? Ai duk wanda ya gan shi zai gane shi."

Auta ba ta ja ba. Ita da ke musu da mai gari in ya kawo aiki ba rara, ranar nan take ta yarda, don a ƙasan zuciyarta ita ma ba ta son layin. Ta goge shi, ta ƙara girman lambar waya, ta ja ta can cikin shinge. Dogo, wanda ya gaji Baba a kan wuƙa, ya yanka da kansa yana share ido da hannun riga. Takarda ta fito shuɗiya har baki, ba ɗigon fari ko ɗaya. A duk shekarunta na aiki ba ta taɓa fitar da abin da ya kai wannan kyau ba.

Suka manna ta a turakun wuta, da tashoshin mota, da ƙofar kemis, da bayan motocin haya. Waya ta fara ƙara. Wasu addu'a kawai suka kira su yi. Wani ɗan iska ya kira yana dariya. Sauran kuwa kowa ya ga tsoho, kuma duk kiran sai Auta ta je, don ba ta da zuciyar da za ta ƙi. Ashe gari cike yake da tsofaffin da suka ɓace wa wani. Ta ga ɗaya a bayan gidan burodi yana magana da kare, ta ga wani a ɗaure da zane a barandar wani bawan Allah da ya tsince shi, dukansu masu ido biyu da baki a miƙe, kamar yadda takardarta ta nema. Sau ɗaya aka kira ta ɗakin ajiye gawa. Ta shiga da ƙafarta, aka ɗaga mayafi, ba shi ba ne, ta fito ta yi amai a gindin bango, ta rasa ko godiya za ta yi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Aka yi ruwan sama mai ƙarfi, Auta ta tsaya bakin taga tana tunanin riga ɗaya ce a jikinsa. Maganin hawan jininsa na nan kan tebur, kullum sai ta ƙirga da ido abin da ya kamata a ce ya sha. Inna ba ta daina zuba masa abinci a kwanonsa ba, ta rufe, ta ajiye, da yamma ta ba maƙwabta. Yaya ya fara cewa a bar wa Allah, Auta ta yi masa tsawar da ba ta taɓa yi wa na gaba da ita ba, suka daina magana. Ta daina zuwa aiki, ta daina cin abin kirki, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga sai silifas ɗin mijinta. Kullum da safe sai ta ɗauki damin takardu da robar gam ta fita, tana maye gurbin waɗanda ruwa ya wanke. Tsoro ne ya cika ta, tsoron cewa yana can wani wuri yana jin ƙishirwa kuma bakinsa ba zai iya roƙon ruwa a gane ba.

A can ƙarshen gari, kusa da gada, akwai rumfar wani mai aski inda mijinta ya taɓa manna takarda. Da Auta ta isa, sai ta tarar an ɗaye ta, sai tabon gam a jikin katako. Nan take ta hau mai askin da faɗa, ta ce wane irin rashin imani ne mutum ya cire takardar cigiya, ko bangon nasa ya fi ran mutum ne. Mai askin, wani dattijo mai sanyin hali, ya bar ta ta gama, sannan ya ce ba shi ya cire ba. Wani tsoho ne mara lafiya da ya yi 'yan kwanaki yana kwana a kan bencin nan. Shi ke ba shi shayi da burodi, har aski ya yi masa kyauta. Shekaranjiya tsohon ya tsaya gaban takardar ya daɗe, sannan ya ɗaye ta a hankali ba tare da ya yaga ba, ya ninke, ya bi hanyar manyan motoci. Mai askin ya kira shi, bai juyo ba.

Auta ta tambaya wane irin tsoho.

"Ba naku ba ne, Hajiya. Ni ma na yi wannan tunanin, har na tsayar da shi kusa da hoton na duba. Naku lafiyayye ne, kyakkyawa. Wannan kuwa bakinsa a karkace yake, ido ɗaya a rufe, in ya yi magana ba ka gane ko kalma."

Auta ta zauna a ƙasa cikin gashin da aka share. Mai askin ya dube ta, ya dubi damin takardun da ke hannunta, sai ya dafe kai yana salati. Baba ya kwana, ya tashi, ya sha shayi a ƙarƙashin hotonsa, lambar wayarta na saman kansa da manyan baƙaƙe, wuƙa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mutumin kirki ya duba da idonsa ya ce ba shi ba ne, kuma bai yi kuskure ba. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba wanda za ta ɗora wa sai hannunta.

Ba ta je gida ba, maɗaba'a ta wuce. Ta buɗe shafin, ta goge ɓarin da ta ƙirƙira, hoton ya koma yadda yake: rabin tsoho yana zamewa daga gefe. Inda ɓarin hagu ya kamata ya zauna ta bar shi fari, ta rubuta a ciki da baƙaƙen da suka fi na lambar waya girma cewa wannan ɓarin ya shanye, baki a karkace, ido a rufe, magana ba ta fita. Sannan ta kira Inna. Ba izini ta nema ba, gaya mata ta yi, ta kuma gaya mata abin da mai aski ya ce.

"Ki ƙara da cewa yana jan ƙafar hagu in ya gaji," in ji Inna. "Kuma miyau na zubo masa. Ki rubuta."

Dogo ya duba shafin farko da ya fito daga inji, ya ce hoton bai kai baki ba, ba abin da zai ba wuƙa, fari zai leƙo ta ko'ina. Ta ce ya bar shi ya leƙo. Mummunar takarda ce, irin wadda da wani ne ya kawo mata da ta kore shi da ita. Yaya ya zo da kansa ya ɗauki rabin damin ba tare da sun ce wa juna kome ba. Wannan karon hanyar manyan motoci suka bi, suna manna wa a gidajen mai da wuraren faci da jikin tireloli.

Washegari da rana wata mai sayar da mai ta kira daga wani gidan mai da ke bayan gari, inda gidaje suka ƙare. Ta ce akwai tsoho irin wannan, yana ta bin tagogin motoci da wata takarda a hannu, direbobi na miƙa masa sadaka yana ƙin karɓa. Ta ce za ta sa ido a kansa, amma su yi sauri, don ba ya zama wuri ɗaya. Auta ta hau bayan babur ɗin mijinta, ta riƙe rigarsa, duk hanya ba ta iya ko addu'a ba sai sunan Allah da take maimaitawa.

Tun daga nesa ta gane tafiyarsa. Rigar ta koma launin ƙasa, silifas ɗaya ne a ƙafarsa, ɗayar ƙafar ta tsattsage tana jini. Ya rame har wuyan rigar na zamewa daga kafaɗa, leɓensa ya bushe ya fashe. Yana tsaye jikin tagar wata mota yana nuna wa direba takarda, direban na girgiza kai yana ɗaga gilashi. Auta ta sauka tun babur bai gama tsayawa ba. Ta so ta ruga ta rungume shi, amma ta san zai firgita, sai ta taka a hankali ta tsaya gabansa.

Ya dube ta da idonsa ɗaya, bai san ta ba. Ya buɗe takardar, shuɗiyar nan ta farko, ta yi laushi don ninki da gumi, ya miƙo mata da hannu biyu. Maganar ta fito da nauyi, a tauna, irin wadda duk hanyar nan ba wanda ya gane sai ita.

"'Yar nan, don Allah ko kin ga wannan bawan Allah? Ya ɓata. Iyalinsa na can hankali a tashe. Na yi ta tambaya, ba wanda ya kula."

Auta ta karɓi takardar.

"Na gan shi, Baba."

"Da ransa?"

"Da ransa."

Ya daɗe yana kallonta kamar mai auna ko gaskiya take faɗa. Sannan ya dafa kafaɗarta, ya sulale ya zauna a bakin titi, ita ma ta bi shi ƙasa tana riƙe da shi.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Ni dai na gaji."